Tarihin Mazarin Ƙwayar Halitta, Kamar Yadda Ƙaramin Ƙuda Ya Bayyana Shi

Jikin mutum daga ƙwayar halitta guda ɗaya yake farawa. Ta rabu biyu, biyun su zama huɗu, haka har a kai tiriliyoyi, kuma rabuwar ba ta tsayawa sai ran mutuwa, domin jini da fata da bangon hanji kullum sabunta su ake yi. A kowace rabuwa akwai amana mai nauyi. Kuromosom, wato ƙulle-ƙullen da bayanan gado ke naɗe a ciki, dole a kwafe su, a ba kowace 'ya kasonta cif, ba ragi ba ƙari. Na mutum 46 ne. In ɗaya ya ɓace ko ya yi yawa, abin da kan biyo baya shi ne ɓari, ko haihuwar yaro da nakasa, ko buɗewar ƙofar ciwon daji. Mai yin wannan rabo wani gini ne na siraran zaruruwa, mai kumburi a tsakiya da tsini biyu, wanda ƙwayar ke kafawa cikin 'yan mintoci, ta yi aiki da shi, ta rushe shi. Masanan Jamus na ƙarni na 19 sun ga ya yi kama da mazarin kaɗi da zare ya cika, suka kira shi da wannan suna.

Walther Flemming na Jami'ar Kiel ne ya fara bin rabuwar daki-daki a jikin 'ya'yan salamanda, ya buga littafinsa a 1882. A 1887 Edouard van Beneden a Beljiyam da Theodor Boveri a Jamus, kowa da nasa aikin a kan ƙwan tsutsar cikin doki, suka bayyana wani ɗan ɗigo da ke zaune a kowane tsinin mazari, zaruruwa na fita daga gare shi ta ko'ina. Boveri ya raɗa masa suna santirosom, ya kuma yanke cewa shi ne gaɓar da ke raba ƙwaya: ya kwafi kansa, biyun su ja da baya, su miƙo zare su kama kuromosom. Hujjarsa ba ta wasa ba ce. Ya ga in maniyyi biyu suka shiga ƙwai guda na bushiyar teku, santirosom sukan yi yawa, mazari ya fito da tsini uku ko huɗu, rabo ya dagule, ɗan tayin ya lalace. A 1914 har ya rubuta ɗan littafi yana cewa irin wannan dagulewar na iya zama asalin ciwon daji. Ra'ayinsa cewa santirosom ne shugaban aikin ya zauna daram a littattafan makaranta kusan shekara ɗari.

Su kansu zaruruwan an daɗe ana gardamar ko akwai su. Masu shakka suka ce magungunan da ake kashe ƙwaya da su kafin a duba ta ne ke daskarar da ruwan cikinta ya yi kama da zare. Sai a 1953 Shinya Inoué, ɗan Japan da ke aiki a Amurka, ya nuna su a cikin ƙwaya mai rai da madubin ƙara girma da ya gyara da hannunsa, gani ya kori ji. Shekara goma bayan haka madubi mai aiki da ilektiron ya nuna ashe kowane zare bututu ne, faɗinsa nanomita 25. A 1967 Gary Borisy da Edwin Taylor a Chicago suka gano furotin ɗin da ake jerawa a gina bututun, wanda aka sa wa suna tubulin. A 1984 Tim Mitchison da Marc Kirschner suka gano cewa bututun ba ya zama wuri ɗaya: yana cikin tsawo sai ya fara wargajewa daga baki, can kuma ya sake tsirowa. Yana kuma da kai da gindi. Kai shi ne bakin da ke saurin tsawo, gindi kuwa shi ke fuskantar tsini.

An san kayan ginin ke nan, amma ba a san magina ba. Nan ne ƙuda ya shigo.

Ƙaramin ƙudan nan ne mai jan ido da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro ko ɓawon ayaba, wanda masana ke kira Drosophila melanogaster. Asalinsa ɗan Afirka ne, kudu da Sahara, kuma wani bincike na 2018 a dazukan Zimbabuwe ya same shi manne da 'ya'yan danya, itacen da mu ma muka sani a dajinmu. Thomas Hunt Morgan ne ya mai da shi dabbar bincike a Jami'ar Columbia da ke New York, a wani ɗaki cike da kwalaben madara. Kiwonsa ba tsada, cikin kwana goma ƙwai ya zama ƙuda, kuromosom ɗinsa kuma takwas ne kacal. A 1910 Morgan ya ga namiji mai farin ido. A 1916 ɗalibinsa Calvin Bridges ya yi amfani da ƙudajen da rabon kuromosom ya kuskure a ƙwansu ya tabbatar cewa ƙwayoyin gado a jikin kuromosom suke.

Wani ɗalibin Morgan, Alfred Sturtevant, ya ci karo da wani abu a 1929 wanda ya wuce ilimin zamaninsa. A wani jinsin ƙuda makusanci, Drosophila simulans, ya lura da wasu masu idon da jansa ya yi duhu, nau'in da ake kira claret. Matan cikinsu na saka ƙwai, amma yawancinsa ba ya ƙyanƙyashewa, kuma cikin 'ya'yan da suka rayu akwai masu rabin jiki na mace rabi na namiji. Sturtevant ya gane cewa kuromosom ne ke zubewa a farkon rabuwa, kuma laifin daga uwa yake. A 1936 aka duba irin wannan ƙwai a madubi, aka ga mazarinsa a warwatse. Me ya haɗa launin ido da mazari? Ba mai amsa. A 1952 Edward Lewis ya samo makamancin wannan nau'i a melanogaster, aka ci gaba da kiwonsa a kwalba, zuriya bayan zuriya, ana jira.

Dabarar masu nazarin gado ita ce ka lalata ƙwayar gado ɗaya, ka ga abin da ya tsaya. To amma a batun rabuwar ƙwaya akwai tarnaƙi. Wanda ba ya iya raba ƙwayoyinsa ai ba zai rayu ba, balle a duba shi. Ƙuda ya ba da mafita biyu, kuma dukkansu daga uwa suka fito. Uwar ƙuda takan cika ƙwanta da guzurin furotin mai yawa. Da wannan guzuri cibiyar ƙwan, wato ma'ajiyar kuromosom, ke rabuwa sau 13 a jere ba tare da an gina bango tsakani ba, na farko-farko kowace cikin minti takwas zuwa tara. Kafin awa uku ta cika, cibiyoyi kusan 6,000 sun jeru a ƙarƙashin fatar ƙwan da tsawonsa bai wuce rabin milimita ba. Wanda ya duba a lokacin zagaye na 11 ko na 12 zai ga ɗaruruwan mazarai a shimfiɗe, suna kafuwa tare suna rushewa tare. In uwa na da tawaya a wata ƙwayar gado ta mazari, ita tana iya rayuwa, amma a ƙwanta aibin zai fito ɓaro-ɓaro.

Mafita ta biyu Maurizio Gatti na Jami'ar Roma da Bruce Baker na Amurka ne suka fayyace ta, musamman a takardarsu ta 1989. Ko ɗa ya gaji lalatacciyar ƙwayar gado daga iyaye biyu, guzurin uwa zai kai shi ya zama tsutsa. Tsutsa kuwa yawancin jikinta ba da rabuwa yake girma ba, ƙwayoyin ne ke kumbura. Ƙwaƙwalwa da 'yan tsirarun sassan da za su zama fiffike da ƙafa da ido ne kaɗai ke ci gaba da rabuwa. Saboda haka tsutsar za ta yi ƙiba lafiya lau, sai lokacin rikiɗa ya zo ta mutu. Sai aka koma neman ƙudajen da ke mutuwa a wannan gaɓa. Mai bincike zai sa tsutsa a ɗigon ruwan gishiri, ya kama bakinta da ɗan hantsaki, ya kama tsakiyarta da wani, ya ja. Ƙwaƙwalwar za ta fito, fara, ba ta kai ƙwayar gero ba. Ya jiƙa ta a ruwan tsami, ya ɗiga jan rini, ya rufe da siririn gilashi, ya danna da babban yatsa. Aikin ke nan, dubban tsutsotsi, shekara da shekaru. A ganina wannan haƙurin ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya.

A 1985 Pedro Ripoll da abokan aikinsa a Madrid suka bayyana wata ƙwayar gado da suka kira abnormal spindle, a taƙaice asp. In ta lalace, gindin bututun ba ya haɗuwa a tsini, mazari ya yi buzu-buzu, ƙwayar ta maƙale a tsakiyar rabuwa. A Landan kuma David Glover na Kwalejin Imperial ya shiga bincikar tarin ƙudaje marasa haihuwa da Christiane Nüsslein-Volhard ta tara a Tübingen don wata manufa daban. A 1988 shi da Claudio Sunkel suka bayyana polo, wadda rashinta ke ɓata tsinin mazari har kuromosom su jeru a da'ira. A 1995, bayan Glover ya koma Dundee a Sikotland, ɗakin bincikensa ya bayyana aurora. In babu ita santirosom biyun ba sa rabuwa, mazari ya fito da tsini ɗaya tal. Da aka karanta ƙwayoyin gadon biyu, sai aka ga dukkansu furotin suke samarwa masu manna sinadarin fosfet a jikin wasu furotin, su kunna wannan su kashe wancan. Masu ba da umarni ne, ba masu ɗaukar kaya ba. Kuma akwai irinsu a yis, a kwaɗo, a mutum. Har yau da sunayen da aka raɗa musu a ƙuda ake kiransu a asibitocin ciwon daji, tun da a 1998 aka ga kwafin Aurora A, takwarar aurora a jikin mutum, ya yi yawa a wasu cututtukan dajin hanji da na nono.

Masu ɗaukar kayan kuwa ta wata hanya aka same su. A 1985 Ron Vale da Thomas Reese da Michael Sheetz suka ware wani furotin daga jijiyar dabbar teku sikwid, mai ƙafa biyu, yana takawa a kan bututu ɗauke da kaya, kullum ya nufi kai. Suka kira shi kinesin. Shekara biyar bayan haka Sharyn Endow ta Jami'ar Duke da Lawrence Goldstein na Harvard, kowa ta hanyarsa, suka iso ga ƙwayar gadon da ke bayan abin da Sturtevant ya gani. A nau'in da Lewis ya samo, ashe ƙwayoyin gado biyu ne maƙwabta ɓarna ɗaya ta shafa, ɗaya ta launin ido, ɗaya ta mazari. Ta mazarin aka kira ncd, kuma furotin ɗinta ɗan gidan kinesin ne. Da aka shimfiɗa shi a gilashi aka ɗora masa bututu, sai ga shi yana tafiya baya, ya nufi gindi. Ba wanda ya zaci haka daga kinesin. Tafiyar bayan ce ke tattara gindin bututu wuri guda ta fito da tsini. Tambayar 1929 ta sami amsa a 1990, bayan Sturtevant ya shekara ashirin da rasuwa.

A 1993 Margarete Heck ta bayyana KLP61F, wani kinesin ɗin da rashinsa ke sa mazari ya rufta ya koma tsini ɗaya. A 1996 ɗakin binciken Jonathan Scholey a Davis ta Kalifoniya ya nuna siffarsa: sanda ce mai ƙafafu a kowane ƙarshe. Yakan tsaya tsakanin bututu biyu da suka fito daga tsini daban-daban, ya taka duka biyun a lokaci guda, ya ture su nesa da juna. Ncd kuwa jawo su yake yi. David Sharp ya gwada wannan a 1999 da wani gwaji mai ban sha'awa. Ya yi wa ƙwan ƙuda allurar da ke hana KLP61F aiki, mazarai suka rufta. Ya maimaita a ƙwan da tun asali ba shi da Ncd, sai mazarai suka tsaya da tsininsu biyu. An cire mai turi, an cire mai ja, gini ya tsaya. Daga nan aka fara fahimtar cewa siffar mazari ja-in-ja ce da ta daidaita. Tsawonsa ma haka ne. Furotin ɗin mini spindles da Hiro Ohkura ya bayyana a Edinbara a 1999 yana ƙara wa bututu tsawo, KLP10A kuma yana gutsure shi daga gindi. Ka rage na farko mazari ya gajarce, ka rage na biyu ya yi zalalo.

Duk wannan bai taɓa kujerar santirosom ba. An ma ƙara mata ƙarfi lokacin da Berl da Elizabeth Oakley suka gano gamma-tubulin a wani fumfuna a 1989, kuma a 1995 aka ga shi a santirosom ɗin ƙuda a jere kamar zobe, kowane zobe tushen bututu guda. Amma akwai abin da ke yi wa masana ƙaiƙayi. An daɗe da sanin tsire-tsire masu fure ba su da santirosom, kuma suna rabuwa. A 1992 William Theurkauf da Scott Hawley suka nuna cewa mazarin da ke raba kuromosom a ƙwan macen ƙuda ba shi da santirosom sam. Bututu daga kewayen kuromosom suke tsirowa, daga baya a ɗaure gindinsu. A 1996 Rebecca Heald a Heidelberg ta jefa ƙananan duwatsu da aka shafe da DNA a ruwan ƙwan kwaɗo, mazari ya kafu a kewayensu. Masu kare tsohon ra'ayi suka ce ai wannan halin ƙwai ne, ƙwayoyin jiki daban suke.

Ƙuda ne ya rufe wannan ƙofa. Ɗakin binciken Gatti da nau'in asterless a 1998, da na Thomas Kaufman a Indiyana da nau'in centrosomin a 2001, sun nuna ƙwayoyin da santirosom ɗinsu ba ya fitar da zare suna kafa mazari. Sai 2006, Renata Basto da Jordan Raff a Kambirij suka lalata ƙwayar gadon Sas-4, wadda in babu ita ba a iya kwafar santiriyol, ɗan ginin da ke tsakiyar santirosom. Guzurin uwa ya ɗauki 'ya'yan a farko, sannan ya ƙare. Kafin tsutsa ta girma kusan babu santiriyol ko ɗaya a ƙwaƙwalwarta. Duk da haka ta rikiɗa, ƙuda ya fito da fiffike da ƙafa da ido, kusan a kan kari. Abin da ya kashe shi wani abu ne daban. Santiriyol ne kuma tushen 'yan gashin da jijiyoyin ji ke amfani da su, don haka ƙudan ba ya iya tsayawa ko tafiya, sai ya faɗi ya mutu jim kaɗan bayan fitowa. An gina dabba sukutum ba tare da abin da aka ce shi ne gaɓar rabuwa ba.

To daga ina zaruruwan ke fitowa? Lokacin da wannan tambaya ta taso kayan aiki sun canza. An karanta dukan gadon ƙuda a shekarar 2000, ƙwayoyin gado wajen 13,600 a ƙidayar farko. An kuma koyi yadda ake rufe bakin kowace ɗaya da RNA mai tufka biyu, dabarar da Andrew Fire da Craig Mello suka gano a 1998. Akwai kuma ƙwayoyin ƙuda masu rayuwa a faranti, waɗanda Imogene Schneider ta fara rainon su a 1972. Gohta Goshima da Ron Vale a San Francisco suka haɗa ukun. Suka bi ƙwayoyin gado sama da 14,000 ɗaya bayan ɗaya, madubi mai sarrafa kansa yana ɗaukar hoto, kwamfuta na tantancewa, mutum na sake dubawa da ido. A 2007 suka fitar da sakamako: kusan 200 ne ke da hannu a ginin mazari, kuma fiye da rabi ba wanda ya taɓa zarginsu.

Cikin baƙin akwai wasu biyar masu wani irin aibi. In an rufe su, gamma-tubulin yana nan a santirosom, amma ya dushe a jikin mazarin, zaruruwa su yi ƙaranci. A 2008 Goshima ya nuna cewa ƙungiya ɗaya ce, ya kira ta augmin. Daga baya aka ga mambobinta takwas ne, a ƙuda da a mutum. Aikinta shi ne ta manne a gefen bututun da ya riga ya tsaya, ta kira zoben gamma-tubulin, sabon bututu ya tsiro daga jikin tsohon ya bi fuskarsa. Sabine Petry ta ga wannan tsirowa da ido a ruwan ƙwan kwaɗo a 2013, kuma a 2019 aka ɗauki hotonta a ƙwayar ƙuda mai rai. Hanyoyi uku ke nan: daga santirosom, daga kewayen kuromosom, da daga jikin mazarin kansa. A 2014 James Wakefield na Exeter ya sanyaya ƙwan ƙuda har duk zaruruwa suka narke, ya bar shi ya ɗumama, sai ga mazaran da a da daga santirosom suke farawa sun taso daga kuromosom. Ashe hanyoyin duk suna nan a ƙwaya guda, in ɗaya ta toshe sauran su ɗauka.

Bai kamata a ce Boveri ya faɗi ƙasa warwas ba, kuma ƙudan ne dai ya dawo masa da wani kaso na gaskiyarsa. A ƙwan da ke rabuwa kowane minti tara, rashin santirosom mutuwa ce, haka ma wajen samar da maniyyi. Sannan akwai batun inda mazari ke fuskanta. Uwayen ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwar tsutsa ba sa rabuwa daidai wa daida. Kowace takan haifi babba wadda za ta ci gaba da zama uwa, da ƙarama wadda za ta zama jijiya. Hakan na yiwuwa ne in furotin irin su Pins da Mud sun kamo zaruruwan da ke fita daga santirosom sun juya mazari ya kalli inda ya dace. In ya karkace, 'ya'yan biyu na iya fitowa duk uwaye. A 2005 Emmanuel Caussinus da Cayetano Gonzalez suka dasa ƙwaƙwalwar da wannan tsari ya lalace mata a cikin lafiyayyun ƙudaje, ta yi ta girma har ta ninka sau ɗari, ta kashe su cikin mako biyu. A 2008 Basto ta nuna cewa yawan santirosom ma na haifar da irin wannan ƙari. A shekarar ce kuma aka ga cewa ƙwayar da santirosom suka yi mata yawa Ncd ne ke tattara mata su gida biyu ta tsira, kuma wasu ƙwayoyin ciwon dajin mutum sun dogara da ɗan'uwansa HSET don haka. An ƙera magunguna masu toshe Polo da Aurora da kinesin mai turi, an gwada su a kan marasa lafiya, amma har yanzu tsofaffin magungunan da ke kama tubulin kai tsaye, irin su binkiristin da taksol, su ne aka fi dogara da su.

Inda sunayen ƙuda suka fi bayyana a jikin mutum ba a ciwon daji ba ne. Akwai yaran da ake haifa da ƙaramin kai, ƙwaƙwalwarsu da tsarinta daidai amma ba ta kai girma ba, kuma ba wata cuta ce ta kama uwa a lokacin ciki ba. Gadonsa kamar na sikila ne, sai ɗa ya karɓa daga uwa da uba, shi ya sa ya fi fitowa inda auren zumunta ya yawaita. Geoffrey Woods da abokan aikinsa a Leeds sun bi iyalai 'yan asalin arewacin Pakistan masu wannan lalura. A 2002 suka iso ga ƙwayar gadon da ta fi kowace yawan haddasa ta, suka ga 'yar'uwar asp ce ta Ripoll, suka kira ta ASPM. A 2005 suka ƙara biyu, ɗaya takwarar centrosomin, ɗaya ta Sas-4. A 2010 wasu masu bincike suka ƙara takwarar asterless.

Sai aka koma ga ƙudan asp aka auna kansa, aka ga shi ma ƙarami ne. Basto, wadda a lokacin ta koma Cibiyar Curie a Paris, ta nuna a 2013 cewa Asp na da wani aiki bayan ɗaure tsini, wato daidaita furotin miyosin da ke riƙe siffar shimfiɗar ƙwayoyin da ƙwaƙwalwa ke tasowa daga ciki. A 2015 ɗakin binciken Nasser Rusan a Amurka ya mayar wa ƙudan rabin furotin ɗin kawai, rabin da ba ya iya gyara tsinin mazari. Mazarin ya ci gaba da zama buzu-buzu, amma ƙwaƙwalwar ta girma daidai.